Kibiya, Kuza da Rabin Gadon Yahaya Nahawi

Duk wanda ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar ma'adinai ta bari a kewayen Bukuru zai iya ganin yadda ake wankin kuza. Mai wanki takan ɗebo ƙasar da aka haƙo a kwano ko a ƙwarya, ta tsoma cikin ruwa, ta riƙa juyawa a hankali tana karkata bakin ƙwaryar. Laka ce ke fara tafiya, ruwan ya yi ja, sai yashi ya bi bayanta, a ƙarshe a bar wani baƙin gari mai nauyi kwance a gindi. Wannan baƙin shi ne kuza. Nauyinsa ne ya ware shi, domin ƙwayar kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau 7, ta yashi kuwa ba ta kai sau 3 ba, don haka ta kuza takan riga isa ƙasa, ta kuma ƙi biye wa ruwa. Mutanen Ririwai sun san wannan tun kafin Turawa su hau tsaunin Filato a farkon ƙarni na 20, kuma injinan kamfanonin da suka sa aka jawo layin dogo daga Zariya har Bukuru a 1914 ƙwaryar nan ce kawai suka faɗaɗa. Abin da idon mai wankin kuza ke gani kullum, cewa mai nauyi yana rigan marar nauyi sauka, shi ne tubalin da Aristo ya gina iliminsa na motsi a kai. Ginin ya yi fiye da shekara 800 a tsaye kafin wani malamin Iskandariyya, wanda littattafan Larabci suka sani da Yahaya Nahawi, ya sa masa guduma. Maganar da nake so in kafa ita ce, wannan malami ya bar gado kashi biyu, kashi ɗaya ya ratso Sahara ya shiga zaurukan karatun tauhidi na ƙasar Hausa ba tare da sunansa ba, ɗayan kuma ya bi ta wata hanya, sai da ya yi zagayen shekara fiye da dubu sannan ya zo mana a littafin fiziks na makarantar boko, muna kallonsa kamar baƙo.

Aristo, wanda masu falsafa na Larabci ke kira Malami na Farko, ya mutu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A tsarinsa, duk abin da ke ƙarƙashin wata an yi shi ne da abu huɗu, ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma kowanne yana da mazauninsa na asali da yake neman komawa. Dutse yana faɗuwa domin gidansa ƙasa ne, hayaƙi yana tashi domin nasa gidan yana sama. Sammai kuwa da wani abu na biyar aka yi su, wanda ba ya tsufa, ba ya lalacewa, kewayawa kawai yake yi, bai da farko bai da ƙarshe. Duk wani motsin da ya saɓa wa ɗabi'ar abu motsin tilas ne, kuma sharaɗinsa shi ne a sami mai turi manne da abin da ake turawa, kamar kurar ɗan dako a kasuwa: yana turi tana tafiya, ya saki ta tsaya. Game da faɗuwa kuma ya ce sauri yana ƙaruwa gwargwadon nauyi, yana raguwa gwargwadon kaurin abin da ake ratsawa, iska ce ko ruwa. Daga nan ya yanke cewa ba zai yiwu a sami wuri wayam ba, inda babu ko iska, domin in babu abin da zai tare abu, saurinsa zai zama ba iyaka, wanda hankali ba ya karɓa.

Tsarin ya haɗu, sai dai yana da ƙaya guda da kowane yaro mai korar tsuntsaye a gona zai iya nunawa. Idan aka wulwula majajjawa aka saki, dutsen ya rabu da hannu ya rabu da igiya, amma yana tafiya. Wa ke tura shi? Amsar Aristo ita ce iska: hannun da ya yi jifa ya motsa iskar da ke kusa, ya ba ta ikon turi, ita kuma ta miƙa wa ta gabanta, ikon yana raguwa har ya ƙare, dutsen ya faɗi. Akwai kuma wata amsar da ya ambata, wai iskar da dutse ya keta a gaba ce ke zagayowa ta baya ta ingiza shi. An sami waɗanda ba su gamsu ba tun da wuri, ciki har da masanin taurari Hifarkus a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, amma rubutunsa a kan wannan ya ɓace. Raddi na farko cikakke da ya iso gare mu na Yohanna Filofonus ne, wato Yahaya Nahawi, Kirista ɗan Iskandariyya da aka haifa wajen shekara ta 490, ya mutu wajen 570. Laƙabinsa na Girkanci yana nufin mai son aiki, na Larabci kuwa ya samo shi ne daga sana'arsa ta koyar da nahawu. Ya yi karatu gaban Ammoniyos, shugaban makarantar falsafa ta birnin, kuma a cikin sharhin da ya yi wa littafin Aristo na ilimin ɗabi'a, wanda ke ɗauke da kwanan wata na shekara ta 517, ya yi abin da ba a saba gani daga mai sharhi ba: ya bayyana maganar malamin tsaf, sannan ya ce ba haka take ba.

Hujjojinsa ba sa bukatar lissafi, ido da hankali sun isa. In da iska ce ke kai kibiya, in ji shi, mene ne amfanin ɗora gindinta a kan tsirkiya? Sai a kafa kibiyar a kan tsinin sanda, a tara na'urorin hura iska masu yawa a bayanta, a yi ta hurawa. Mu ɗauka an tara zugazugan maƙeran gari kaf: kibiyar za ta ɗan gusa ta faɗi nan kusa, ba za ta kai ko kusa da inda bakan yaro zai kai ta ba. Batun iskar da ke zagayowa kuwa, ya tambaya yadda iskar da aka tura gaba za ta juya da kanta, ta dawo baya, ta sake juyawa, ta dace da ɗan ƙaramin gindin kibiya daidai, ba ta watse a sarari ba, sai ka ce mai hankali ce ana ba ta umarni. Abin da ya rage shi ne mai jifa ya sanya wa dutsen kansa wani ƙarfi marar jiki, ƙarfin ya zauna a cikin dutsen yana tafiyar da shi har ya ƙare. Iska kuwa cikas take yi, ba taimako ba. In haka ne, a wuri wayam ma jifa zai yi tafiya, har ya fi sauƙi, kuma zai ɗauki lokaci gwargwado, domin kaurin iska ƙari ne kawai a kan lokacin da tafiyar ke ci tun asali.

Sannan ya taɓa batun faɗuwa da gwajin da mutane da yawa ke jingina wa Galileo. Ya ce a saki abu biyu daga tudu ɗaya, ɗaya ya ninka ɗayan nauyi sau da yawa, za a ga tazarar lokacin isarsu ƙasa kaɗan ce ƙwarai, ba ta yi kama da tazarar nauyinsu ba. A nan ne mai karatu na yau yakan yi saurin raina Aristo, ya ce ta yaya mutum mai wannan suna bai ɗauki duwatsu biyu ya gwada ba. Rainin bai dace ba, kuma ƙwaryar mai wankin kuza ce shaida. A cikin ruwa, ga ƙananan ƙwayoyi masu girma ɗaya, maganar Aristo ta kusa zama daidai: saurin nutsewa yana bin nauyin ƙwaya a cikin ruwan, yana raguwa da kaurinsa, kuma haka lissafin George Stokes ya nuna a 1851. Mai shiƙar acca ma da wannan take aiki, tsaba ta sauka a gabanta, ƙaiƙayi ya bi iska. Kuskuren Aristo shi ne ya ɗauki hukuncin abin da ke faruwa cikin ruwa da iska ya mai da shi hukuncin motsi baki ɗaya. Gwanintar Yahaya ita ce ya raba abu biyu da suke zuwa a cakuɗe, aikin nauyi da aikin abin da ake ratsawa, ya tambayi abin da zai rage in an cire na biyun. An amsa tambayar a idon duniya a 1971, lokacin da ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare.

Za a iya cewa, kuma an faɗa, ai shi ma Yahaya bai dace ba. Fiziks na yau bai san wani ƙarfi da ke zaune cikin dutse yana tura shi ba. Dokar Newton ta farko, a littafinsa na 1687, cewa ta yi abin da ke tafiya ba ya bukatar mai turi ko kaɗan, tsayawa ko sauya hanya ne ke bukatar dalili. Yahaya kuwa ya zaci ƙarfin jifa yana ƙarewa da kansa ko babu cikas, bai kuma kai ga cewa nauyi ba shi da tasiri sam a wuri wayam ba. Duk wannan gaskiya ne, amma a duba abin da ya canza. Kafin shi mabiya Aristo suna neman dalilin tafiyar kibiya a wajen kibiya, shi ya mayar da binciken cikinta. Kafin shi iska injin ce, shi ya mai da ita birki. Kafin shi wuri wayam haramtaccen tunani ne ga mabiya Aristo, shi ya mai da shi wurin da ake gwada hujja. Duk wanda zai isa ga Newton sai ya taka waɗannan matakai, kuma mutanen da suka isa sun taka su ne da littafinsa ko na magadansa a hannu.

Wannan rabin gadon ke nan. Ɗaya rabin ya fi shi yin amo a zamaninsa. A 529, shekarar da Sarki Jastiniyan ya hana koyarwar falsafar maguzawan Girka a Atina, Yahaya ya fitar da raddi ga hujjoji 18 da masanin falsafa Faroklus ya kawo na cewa duniya ba ta da farko, bayan 'yan shekaru kuma ya fuskanci Aristo kai tsaye a kan batun. Dabararsa ita ce ya kama Aristo da igiyarsa. Aristo ne da kansa ya ce abin da bai da iyaka ba a gama ratsa shi, ba a kuma ƙara masa. To, in ranakun da suka wuce ba su da farko, ta yaya aka gama ratsa su har aka iso yau? Kuma ga shi kowace safiya ana ƙara musu ɗaya. Ya ƙara da hujjar taurari: Zuhalu yana gama kewayensa cikin shekara kusan 30, Mushtari cikin kusan 12, rana cikin shekara guda a lissafinsu. In duk sun kasance suna kewayawa tun fil'azal, kewayen rana marar iyaka ya ninka na Zuhalu marar iyaka sau 30, alhali an ce marar iyaka ba a fin sa. Bai bar sammai da alfarmarsu ba: ya ce taurari launinsu ya bambanta kamar yadda launin wuta ke bambanta gwargwadon abin da take ci, don haka da irin kayan da aka yi duniya aka yi su. A wani littafinsa na baya, kan halittar duniya, ya haɗa rabin biyu wuri guda, ya ce Allah da ya halicci rana da wata yana da ikon sanya musu ƙarfin motsi tun ranar halitta, kamar yadda ya sanya nauyi a cikin dutse.

Nan ne suka mafi tsufa ta shigo, wadda Simfilikiyos, abokin zamaninsa kuma mai kishin Aristo, ya fara yi da zafi da zagi: wai mutumin nan addininsa yake wa hidima, ya riga ya yanke hukunci sannan ya zo neman hujja. Babu shakka imaninsa da cewa duniya halitta ce shi ya ba shi ƙarfin halin kallon Aristo a matsayin mutum mai iya kuskure, a zamanin da yawancin masu sharhi ke ganin aikinsu shi ne nemo wa malamin mafita. Amma abin da ya tunzura mutum daban, ingancin hujjarsa daban. A maganar kibiya da zugazugi babu aya ko ɗaya, kuma hujjar ratsa marar iyaka daga littafin Aristo aka ciro ƙa'idarta. Wanda ke son rushe su sai ya nuna inda suka karye. Cocin da aka ce yana wa hidima ma bai rungume shi ba: babban taron malaman Kirista a Ƙusɗanɗiniyya a 680 zuwa 681 ya la'anci ra'ayinsa kan Triniti. Littafin raddinsa ga Aristo ya ɓace, kuma yawancin abin da aka sani daga cikinsa a yau an tsinto shi ne daga dogayen sassan da Simfilikiyos ya kwafo don ya ƙaryata su.

Waɗanda suka riƙe shi da muhimmanci su ne masu karatu da Larabci. A Bagadaza, fassarar littafin Aristo da Ishaƙ ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajen 910, ya yi ta riƙa yawo tare da bayanan da aka ɗebo daga sharhin Yahaya. Sunansa ya shahara har Ibnun Nadim, a Fihrisarsa ta 987, ya kawo labarin cewa ya rayu har ya gana da Amru ɗan Asi lokacin buɗe Masar, abin da shekaru ba su yarda da shi ba, domin ya mutu kimanin shekara 70 kafin nan. Farabi ya rubuta masa raddi na musamman. Biruni, a wasiƙun da suka yi musaya da Ibnu Sina suna samari, ya kare shi daga zargin cewa yana yi wa Kiristoci fadanci ne. Shi kuwa Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙi hujjojinsa na farkon duniya amma ya ɗauki batun jifa ya gyara shi a Kitabus Shifa. Ya kira abin da mai jifa ke sanya wa dutse maili, wato karkata, ya ce wannan karkata ba ta ƙarewa da kanta, cikas na waje ne ke cinye ta, har da a ce akwai wuri wayam da jifa bai tsaya ba. Shi kansa bai yarda akwai wuri wayam ba, amma a wannan jimlar ya matso kusa da Newton fiye da kowa a zamaninsa. Abul Barakat na Bagadaza, a Kitabul Mu'utabar a ƙarni na 12, ya bayyana dalilin da ya sa abu mai faɗuwa ke ƙara sauri da cewa karkata ce ke taruwa a kan karkata. A Andalus, Ibnu Bajja, wanda ya rasu a Fas wajen 1138, ya ce iska da ruwa ragi kawai suke yi wa saurin asali, kuma Ibnu Rushdi da ya kawo maganar don ya soke ta shi ya isar da ita ga masu karatun Latin. A ƙarni na 14 Jean Buridan a Faris ya koyar da irin wannan ra'ayi, yana misali da dutsen niƙa da ke ci gaba da juyawa bayan an sake shi. A ƙarni na 16 aka buga sharhin Yahaya a Benis, kuma Galileo ya ambaci sunansa a rubuce-rubucensa na ƙuruciya.

Rabin da ya shafi farkon duniya hanyar malaman kalam ya bi. Alkindi ya yi amfani da hujjar marar iyaka a ƙarni na 9. Imamul Haramaini Juwaini, wanda ya rasu a 1085, ya sanya korewar fararrun abubuwa marasa farko a matsayin ginshiƙi a hujjar samuwar Allah. Almajirinsa Gazali, a Tahafutul Falasifa, ya kawo lissafin Zuhalu da Mushtari da rana kusan yadda Yahaya ya tsara shi, har marubucin tarihin masana Baihaƙi a ƙarni na 12 ya ce mafi yawan abin da ke cikin littafin daga Yahaya Nahawi ne. Daga wannan kogi Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya ɗebo ya zuba a ɗan ƙaramin littafinsa Ummul Barahin, wanda ya zama gishirin karatun tauhidi daga Timbuktu har Barno. Hausawan da haƙar kuza ta kawo Bukuru da Jos sun zo da malamansu da littattafansu, kuma a zauren da ake karanta Sanusi, ko a nan ko a Kano ko a Zariya, yadda darasin ke tafiya ɗaya ne. Almajiri ya durƙusa da 'yan warƙoƙinsa, ya karanto jimla, malam ya fassara kalma bayan kalma: duniya fararriya ce, dalili kuwa shi ne jiki ba ya rabuwa da motsi ko kawaici, su kuma fararru ne tunda ana ganin wannan ya gushe wancan ya zo, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa fararre ne. Almajiri mai kaifi zai ce, to Allah gafarta malam, in motsi ya bi motsi ya bi motsi ba farko fa? Masu sharhi sun jera matakai bakwai da hujjar ke tsaye a kansu, kuma na ƙarshensu amsar wannan tambaya ce: abin da bai da iyaka ba ya ƙarewa, ga shi kuwa motsin jiya ya ƙare. Wannan amsar ita ce ta malamin nahawun Iskandariyya.

Karatun nan ya yi ƙarfi a yankinmu har ya haifi fitina. A ƙarshen ƙarni na 17 Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin Bagarmi, ya mayar da sharhin Sanusi da ake yi da Fulatanci, wanda ake kira kabbe, zuwa Larabci a littafinsa Manhajul Farid. Daga cikin masu wannan karatu aka sami waɗanda ke tare talaka da tambayoyin hujja, in ya kasa su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi wannan da alƙalami a littattafai da dama, yana cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne ko ba su iya jera hujjojin malaman kalam ba. Abin lura shi ne a gidan Shehun ne kuma aka sami jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya karanci falsafa ya kuma yi rubutu a kanta. Ko a yau gardamar ba ta mutu ba. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma ɗalibai da yawa sun koma ɗaukar tauhidi daga littattafan da ke bin Ibnu Taimiyya, wanda ya soki hujjar motsi da kawaici, ya kuma ƙi yarda cewa jerin fararru marar farko korarre ne a hankalce. Wato matakin nan na bakwai har yanzu ana ja a kansa, tsakanin masallatan da ba su fi tafiyar ƙafa da juna ba.

Mai tsantseni zai ce na ja igiyar da yawa. Sanusi bai ambaci Yahaya a Ummul Barahin ba, gangar jikin hujjar motsi da kawaici kuma ana danganta ta ga Mu'utazilawan Basra irin su Abul Huzaili, sannan malaman Ash'ariyya sun gina ɗabi'arsu a kan ƙwayoyin da ba sa rabuwa, abin da Yahaya bai yarda da shi ba. Na karɓi wannan duka, kuma ban ce akwai salsala ta malami da almajiri daga Iskandariyya zuwa Bukuru ba. Abin da na ce ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi wuyar turewa: hujja tana da kamanni kamar yadda zane ke da saƙa, kuma idan aka ga ƙa'ida ɗaya, da misalin taurari ɗaya, a littafin da aka tabbatar an fassara shi an karanta shi a Bagadaza, sannan a littafin Gazali, sannan ƙa'idar ta bayyana a sharhohin Sanusi, to asalin saƙar ba ya ɓuya. Binciken Herbert Davidson na 1969 ya bi wannan sawu dalla-dalla a rubutun Musulmi da na Yahudawa.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa rabin jifa bai biyo ayarin ba. Amsa mai sauƙi da ake yawan bayarwa ita ce aƙidar Ash'ariyya ce ta kashe bincike, tunda ta ce wuta ba ta ƙuna da ɗabi'arta, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin haɗuwarsu bisa al'ada. Ban gamsu da ita ba. Sanusi ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya kuma ce na al'ada ana sanin sa ne ta hanyar maimaituwa. In haka ne, babu wanda zai zauna a kan buzu ya yanke yadda dutse ke faɗuwa, dole ya tashi ya saki dutsen, ya sake saki, ya ga yadda Allah ya gudanar da al'adarsa. Wannan ya fi kusa da halin Yahaya a kan tudu da duwatsunsa biyu fiye da halin wanda ya ce ɗabi'ar dutse ta wajabta kaza. Dalilin da na fi gani na bukata ne. Takarda tana da tsada, kwafi da hannu ake yi, raƙumi yana da iyakar kaya, al'ummar da ke kafa Musulunci kuma alƙali da limami da mai raba gado take nema. Sai aka ɗauko Risala da Muhtasar da Sanusi da nahawu da hisabin taurari don sanin lokaci da alƙibla, manyan kundayen ilimin ɗabi'a irin Shifa kuwa ba su shiga jerin littattafan da kowane almajiri ke bi ba. Zaɓi ne mai dalili a lokacinsa, amma ya bar mu da hujjar da ke magana a kan motsi ba tare da ilimin da ke auna motsin ba.

Sakamakon yana nan a Bukuru. Yaro ɗaya yakan zauna a aji da safe a koya masa dokokin motsi, littafin ya fara daga Aristo ya yi tsalle zuwa Galileo, ya tsallake shekara kusan 1,900 da Yahaya da Ibnu Sina da Abul Barakat da Ibnu Bajja a cikinsu. Da yamma ya durƙusa a zaure ya ji motsi da kawaici, bai san maganar safe ce ake ci gaba da ita ba, malaman biyu ma kowanne yana ganin na ɗayan wani fanni ne da bai shafe shi ba. Alhali kayan haɗa su suna nan a buge. Rubutun hannu na fassarar Ishaƙ ɗan Hunainu, mai ɗauke da bayanan Yahaya, yana ajiye a Laidin ta ƙasar Holan, kuma Abdurrahman Badawi ya buga shi a Alƙahira cikin juzu'i biyu a 1964 da 1965. Sashen ɗabi'a na Shifa da Kitabul Mu'utabar su ma an buga su. Larabcinsu ya fi kusa da kunnen almajirin da ya sauke Sanusi da sharhinsa fiye da kunnen malamin fiziks, gwajin da ke cikinsu kuwa malamin fiziks ne ya san yadda ake auna shi, da agogo da ma'auni da duwatsu biyu, ko da kwalbar ruwa da tafin kuza da na yashi daga bakin kududdufi.